Ranar da Ladan Ya Ari Kunnen 'Yarsa

Tun da aka fito da faifan aron kunne, doka ta ce duk mai ɗa kurma sai ya yini yana jin duniya yadda ɗansa ke jin ta. Ranar Laraba layi ya zo kan Malam Ilu, ladanin unguwarmu. 'Yarsa Barira, wadda aka dasa wa na'urar ji tun tana shekara uku, ita ta manna masa faifan a bayan kunne.

"Baba, yi magana."

Ya yi sallama, sai ya zabura ya waiwaya. "Wane ne wannan mai murya kamar ana jan gwangwani a kan siminti?"

"Kai ne, Baba."

Shekara talatin ana yabon muryar nan. A hankali ya ce, "To, da kike cewa kiran sallata na da daɗi fa?"

Barira ta cire na'urarta, duniya ta ɗauke musu tare. Ta ɗora tafinsa a kan ƙirjinsa, ta yi masa alama ya kira salla, ya kira. Bai ji komai ba, sai wata rawa mai ɗumi da ke ratsa yatsunsa.

Ta mayar da na'urar.

"Wannan nake yabo, Baba. Tun kana rungume ni ina jaririya."