Sawun Malam Isaka

Hantsi bai gama ɗagawa ba Aƙilu ya bar Azarori a baya, waya a hannu, gorar ruwa a kafaɗa. A fuskar wayar akwai wani shuɗin layi da ya miƙa cikin duwatsun Adar, kuma ya yi wa kansa alkawari ba zai kauce masa ba ko da taki ɗaya.

Aƙilu ɗan kabu-kabu ne, mai ɗaukar fasinja a babur. Tun da ya auri Rukaiya, mahaifinta Malam Isaka bai taɓa kiransa da komai ba sai "mai moton nan". A ganin Malam, wanda ke hawa moto zuwa masallacin ƙofar gida bai gama zama mutum ba. Shi kuwa tsohon duk shekara da ƙafa yake zuwa ziyarar kabarin malaminsa, a wani ƙauye can gaba da Tama, jakinsa na ɗauke da guzuri, shi yana tafe da sanda. Bana gwiwa ta hana shi, sai a mota za a kai shi. Aƙilu ya ga damarsa ta zo: zai taka hanyar, ya isa kafin a shafa addu'a, surukinsa ya gan shi da ƙura har gwiwa.

Sai dai bai san hanya ba, kuma kunya ba ta bari mutum ya tsaya gaban suruki yana tambaya. Rukaiya ce ta samo dabara. Bara wanta ya sa wa tsohon wata manhaja a waya, mai zana duk inda aka bi, ta kuma ɗiga jan ɗigo a inda aka daɗe. Malam bai damu da ita ba, don ko a aljihu ba ya son waya, wai tana katse masa zikiri. Rukaiya ta kwafo layin a ɓoye ta tura wa mijinta.

Da farko layin ya bi turba sosai. Yana isa bakin wata ƙorama sai ya yi kwana ya faɗa daji, manhajar kuma ta nuna a nan Malam ya yi saurin da ko saurayi sai ya yi haki. Aƙilu ya jinjina kai. Ashe tsohon ɓoye ƙarfinsa yake.

Daga nan tafiya ta zama darasi. Babu gawon da Malam ya wuce bai tsaya gindinsa ba, sai Aƙilu ma ya riƙa tsayawa yana salati. A kan wani jujin toka a bayan gari layin ya cukurkuɗe wuri ɗaya, Aƙilu ya share gefe ya yi nafila. Abin da ya fi ratsa shi, layin ya bi ta bayan masallatai da dama bai shiga ko ɗaya ba. Wannan shi ne gudun riya, in ji shi a ransa.

Jan ɗigo na farko ya faɗo ne a bayan wani gida, ƙarƙashin rumfar da aka jibga harawa. Maigidan ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kawo fura.

"Baba, a yi mini haƙuri," in ji Aƙilu. "Inda na gaba ya kwana, nan zan kwana."

Maigidan ya dubi rumfar, ya dubi baƙon, ya tafi ya kwance akuyarsa don a sami wuri.

Washegari layin ya ratsa tsakiyar wata garkar albasa. Aƙilu ya tattare riga yana taka kunya-kunya a hankali, sai ga mai garkar da fartanya.

"Kai, mi kake nema cikin albasata? Bara ma ta nan aka shigo aka yi mini ɓarna, har yau ban ga mai abin ba!"

Aƙilu ya ba da haƙuri ya wuce, yana mamakin yadda bayin Allah ba sa rasa masu yi musu ƙazafi.

Ya hau dutse, ya gangara, ya koma rijiyar da ya riga ya sha ruwa, ya sake kewaya wani ƙauye da ya bari jiya. Takalminsa ya tsinke, ya ɗaure da tsumma. Rezon waya ya ɗauke, guzuri ya ƙare, ranar ziyara kuma ta zo yana kan hanya. Motoci na wucewa can nesa cike da mutane, wani ɗan kabu-kabu da ya san shi har ya tsaya ya ce ya hau. Aƙilu ya dubi moton kamar mai azumi ya ga randa, ya ce a'a.

Ana ɗaga hannu za a shafa fatiha ya iso, yana ɗingishi. Malam Isaka na zaune da amininsa Zali a kan tabarma. Aƙilu ya durƙusa daga nesa, ya sunkuyar da kai, ya zayyana wa Zali duk inda ya bi: gawo, toka, rumfar harawa, garkar albasa, bai tsallake sawun Malam ko ɗaya ba.

Malam ya daɗe yana kallon ƙafafun da suka kumbura. Gemunsa na ta rawa. Ya matsa ya bar wuri a gefen tabarmar.

"Zali, ce wa ɗana Aƙilu ya zo ya zauna nan kusa da ni, ya fi ni tahiya," ya ce, yana share hawayen dariya. "Ni dai bara miƙaƙƙiyar turba na bi. Tun a bakin ƙorama jakina ya tsinke da wayar cikin mangala, sai a nan aka kawo mini shi."