Saura Ɗinki Ɗaya

Kadidia ta sauke tulu, ta ɗaga faifan da ke rufe da takalman mijinta kamar yadda ta saba kowace safiya. Zaren da ta bari yana reto a maɗaurin ƙafar hagu babu shi. An ja shi, an ƙulle, an yanke.

A gidan Inna Baturiya, uwar mijinta, haka ake yi tun kakanni. In namiji ya bi ayari, matarsa za ta yanka masa sababbin takalma, ta yi musu ado, ta bar ɗinki ɗaya, shi zai ja zaren da hannunsa ran da ya dawo. Tsohuwar ta ce muddin aikin bai ƙare ba, mai shi yana da abin da zai komo dominsa. Kadidia ta yi dariya da aka faɗa mata tana amarya. Amma tun da mijinta Nomau ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma dariyar ta gudu. Ta zauna ta kwaikwayi adon takalman marigayi mahaifinsa, waɗanda ke ajiye cikin adudu, gamammu tsaf, ko ƙasa ba su taɓa taka ba. Duk wadda ta tambaye ta ko ta gama, amsa ɗaya ce: saura kaɗan.

Ayarin wasu ya dawo, nasu shiru. A kasuwar Agadas mutane na ta musu kan jawabin shugaban ƙasa Diori a rediyo, ita kuwa kunnenta na wajen kukan raƙuma.

Ta waiga. Tsohuwar na zaune a inuwa ta ba tsakar gida baya, tana jan tasbaha, kokonta ya huce a gabanta. Karon farko ke nan Kadidia ta gode Allah da idon Inna ya kusa tafiya gaba ɗaya, har tsohuwar ta ajiye basilla tun shekarun baya. In ta ji wannan labari, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kadidia ta cusa takalmin cikin zane ta fita, saura kaɗan ta yi tuntuɓe da ƙwaryar ruwa da aka bari cike a kan tabarmar zaure. Ta yi tsaki ta wuce.

Wadda ta fara zargi ita ce Salamatou, maƙwabciyarta, macen da ba ta iya ganin tukunyar wata ba ta juya ba. Salamatou ta dafa ƙirji ta rantse ko ƙofarsu ba ta leƙa ba yau. Da ta ga takalmin sai ta ja baya, ta ƙi taɓa shi, ta hau zancen iskokin da ke shiga gidajen da babu namiji. Ta ƙara da cewa in labarin ayari ake nema, ta ji kamiyon Amadou shofer, babbar motar kayan da yake tuƙawa, ya iso daga gabas da safe.

Kadidia ta nufi tasha da sassarfa, tsoro na cin ta. Ta tarar da kamiyon, gabansa da sauran zafi, amma babu Amadou, wai ya wuce unguwar Dagmanet. Mazan da ke wurin, masu surutu kamar an biya su, duk suka duƙa kan taya ɗaya suna dubawa. Ta ɗauka kunyar matar aure suke ji, ta juyo.

A hanya ta ɓuya jikin wata katanga ta sake duba ɗinkin. Ya ɗan karkace, kamar an yi shi da lalube. Kusa da ƙullin akwai ɗigo ja wanda bai yi kama da rininta ba. Wace irin halitta ce ke ɗinki da jini? Ta ga Nomau a ranta, tsakiyar rairayi, salka ta bushe, abin da ke jawo shi gida kuma an datse. Hawaye suka zubo mata, ta share da sauri.

Nan dabara ta zo mata. Ɗinki ai warwaruwa yake. Ta kwance shi yanzu, ta sa wani zaren, ta bar shi yana reto. Wa ya sani? Inna ba ta gani, Salamatou kuma za a roƙe ta, ko da yake roƙon Salamatou ta yi shiru aiki ne babba.

Ta shiga gida a sace, ta ɗauko basilla, ta durƙusa bayan rumbu. Ƙullin ya ƙi. Ninki biyu ne, an komar da bakin zaren ciki, irin wanda aka yi ta dukan hannunta kafin ta iya. Ta soka bakin basillar, ya fara saki. Saura kaɗan.

Sai wani hannu mai sanyi ya riƙe wuyan hannunta. Ba ta ji tahowar tsohuwar ba.

"Bar shi, 'yata."

"Inna, ban san wanda ya yi ba, wallahi. Yanzu zan mayar da shi yadda yake."

Tsohuwar ta lalubo takalmin, ta shafa shi a hankali. A babban yatsanta akwai sabon rauni, jinin bai gama bushewa ba.

"Amadou ya zo kina rijiya. Na ba shi ruwa, ya kasa sha. Na yi ta neman bakin da zan faɗa miki ban samu ba," in ji ta. "Na ubansa ma ni na ƙarasa su."