Mai Riƙon Igiya

Da hayaƙi ya toshe matakalar benen ana tsakar rana, tsohon ya warware igiyarsa.

Shekara talatin ya yi yana yasar rijiya a Kwaciri kafin kuɗin fetur su kawo famfo unguwa. Amma ruwan famfo ba ya hawa bene, shi ya sa mai shagon ɗinki a hawa na uku, a Sabon Gari, ta ɗauke shi yana jawo mata bokiti ta taga.

Ya duba ɗakin. Gini ne na zamani, tagogin duk gilashi, babu ƙarfe ko ginshiƙin da za a ɗaura igiya. Sai ya naɗa ta a ƙugunsa, ya tokare bango da ƙafafu.

"Baba, za ta ɗauke ni kuwa?" in ji matar.

"Madam, jaki ma ta fitar daga rijiya. Rufe idonki."

Ya zura telolinta mata huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ita. Duk wadda ta taka ƙasa sai ta girgiza igiyar sau biyu, yadda ya ce musu masu rijiya na yi.

"Saura kai, Baba!" ta ƙwala masa kira daga titi. "Sauko mana!"

A sana'arsu, mai sauka daban, mai riƙo daban. Ya waiwaya, ba kowa a bayansa sai wuta.

Ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ya nannaɗe ta tsaf, ya jefo mata don kada ta ƙone.