Tantin Bature

"Inna, ki ƙara kuɗin wuri a gefen adon nan, kyautar Bature ce," in ji Maigandi tafinta.

Lailatu ta ce to. Mutumin nan ne ya rantse cewa ɗanta Siddiƙu ya sace tantin Bature, ga shi har yau yana gidan yari. Amma duk Ƙofar Atiku ba wadda ta kai ta iya adon bango, shi ya sa ya zo mata ba kunya.

Ta ɗinka jar fata da saƙi da duwatsun wuya a kan wani tamfol mai kauri, har fuskarsa ta rufe ruf. Ranar kai kyauta, ita ta ɗauko masa a ka.

Abu guda Maigandi ya manta: mu ba ma juya kyauta a gaban wanda ya kawo, Bature kuwa sai ya duba bayanta. Yana juyawa, sai ga hatimin tantinsa.

Bai bi ta kan tafinta ba, da Hausarsa ta koyo ya tambaye ta, "Ina kika samu wannan?"

"Ranka shi daɗe, matar Maigandi ta yanko mini. Sauran na can gidansa, ya rufe rumbun gero da shi."