Yarinyar da Ke Kujerar Baya

Minti biyu kacal matar ta yi a kantin magani. Ta bar motar a kunne saboda na'urar sanyi, yarinya 'yar shekara biyu tana barci a kujerar can baya, gilasan kuma masu duhu. Da ta fito, babu mota babu dalilinta.

Lokacin da Duna ya kutsa cikin taron, matar tana zaune dirshan a ƙasa tana dukan cinya. Masu jaje sun kewaye ta, kowa da wayarsa a sama yana ɗauka. Bai tsaya rarrashinta ba. Shi uba ne, ya san yadda numfashin ƙaramar yarinya yake komawa in zafi ya kama ta. Ya duba agogo, sha ɗaya saura kwata, ga rana kamar ta dafa ƙwai. Wani ya ce a jira 'yan sanda. Jiran me? Kafin su gama neman biro, aikin gama ya gama.

Ya haye babur ɗinsa da ya dawo ɗauka a gefen kantin, ya ba shi wuta.

Masu wannan sana'a ba ɓarayin tsautsayi ba ne, kamfani ne sukutum. Wani aikinsa ya nuna mota, wani ya ɗauka, wani ya karɓa a hanya ya kai ta inda za ta huce. A can za a kashe ta, a kulle, a bar ta kwana biyu ba mai zuwa kusa, don a gani ko akwai na'urar da mai motar zai bi sawu da ita. In shiru, sai a sake lamba da fenti, a yi mata takardu, ta shiga kwantena ko ta zama kayan gyara. Kowa hannu ɗaya ya sani, na gabansa. Kuma an hana su taɓa komai a ciki, ko waiwaye ba a yi.

Kwana biyu a kulle.

Ya fara da mai yankan makulli, tsohon da ke zaune a ɗan akurkin shago tsakanin masu faci. Tsohon bai ko ɗago kai daga injinsa ba, ya ce shi ƙarfe kawai yake yankawa, abin da ƙarfen ya buɗe ba ruwansa. Duna ya durƙusa, ya kira shi Baba, ya ce rai ne a ciki. Sai tsohon ya nuna bayan layi da haɓa, inda mai fenti yake.

Mai fenti ya fi shi tsoro. Ya ja Duna bayan wata mota da aka lulluɓe da jarida, ya rantse da kabarin uwarsa cewa shi sai jibi za ta iso hannunsa. Wanda ya kai ta wurin hucewa kuwa ya kashe waya, haka doka take. Mutum ɗaya ce ta san wurin, Uwar Ɗaki mai shagon kayan gyara.

Sha biyu ta wuce.

Ya same ta a ofishinta na sama, ƙarƙashin fanka, ga fitilu da ƙofofin motocin mutane jere har rufi. Ta saurare shi tana gyaran farce. Ta ce an riga an sayar da motar tun kafin a taɓa ta, mai saye yana jira, in aka fasa gilashi a gaban jama'a asirin mutum talatin ne zai tonu. Yarinya kuwa, Allah ya ba uwarta haƙuri.

Duna ya ce in ya sauka daga benen nan babu amsa, ofishin 'yan sanda zai nufa, ya fara lissafi daga kanta.

Ta ajiye abin yankan farcen. "Ka san abin da ake yi wa mai dogon baki?"

"Na sani, Yaya. Ki faɗa mini wurin, sannan ki aiko su."

Can ta ce filin ajiye motoci na bayan babbar kasuwa, layin ƙarshe. Ta ƙara da cewa ya yi sallama da iyalinsa yau.

Motoci sun fi ɗari uku a filin, duk suna walƙiya. Ya jefar da babur, ya bi layi da gudu, takalmi ɗaya ya fice bai koma ba. Ga ta can jikin katanga. Ya ɗauki bulo ya maka wa gilashi, sau uku kafin ya tarwatse. Hucin da ya fito kamar an buɗe tanda.

Yarinyar tana kwance tsakanin kujeru, jiki sharkaf, leɓe a bushe, ko kuka ba ta iya yi. Ya ɗora kunne a ƙirjinta. Akwai bugun zuciya, kaɗan. Ya rungume ta ya fita titi yana ihu har wani mai tasi ya taka birki.

A asibiti suka karɓe ta da gudu. Bayan rabin sa'a wata nas ta fito da takarda, ta ce ya kwantar da hankalinsa, yarinya ta buɗe ido har ta nemi ruwa. Duna ya sulale ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro, jini na ɗiga daga hannunsa.

"Ya isa haka, Baban yarinya. Faɗa mini sunanta in rubuta."

Ya ɗago jajayen idanu ya dube ta.

"Ban san sunanta ba, 'yar'uwa. Ni ne na sace motar."