Famfon Durom Ɗin Mai Kunun Aya

Ɗiyata, tunda kin ce hannu aka sa miki a sana'a, dakata da kama sunan kowa, ki ji misalin wata mata da muka zauna unguwa ɗaya.

Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, da kunun aya take ci da su. Ba a taɓa kama ta da ƙazanta ba. Ayarta sai ta tsince tsakuwa ta wanke sau uku kafin ta jiƙa, ƙyallen tata kullum sai ta dafa shi ta shanya a rana, gorunan da take ɗurawa kuwa ɗaya bayan ɗaya suke shan ruwan zafi da sabulu. Da ciniki ya buɗe, har masu shagunan bakin tasha suna aikowa, sai ta sayi babban durom na roba mai famfo a gindi don ta huta da ludayi da mazurari. In ta gama aiki ta zura hannu har kafaɗa ta dirje cikinsa da soso, ta ɗauraye, ta kife. Abin da bai taɓa zo mata a rai ba shi ne famfon nan ana kwance shi. Duk kunun da ya bi ta cikinsa sai ɗan gari ya maƙale a lungun da soso ba ya kaiwa, na yau ya hau kan na jiya.

Da bazara ta kama, kunun da a da yake kai la'asar lafiya ya fara juyawa tun kafin azahar. Goruna su kumbura, a buɗe kumfa ya taso da warin tsami. Ta sake mai sayar mata da aya, ta sake injin markaɗe, ta ƙara ƙanƙara, ta daina sa kwakwa, duk a banza. Sai aka ba ta aikin kunun wani bikin suna, yaran da suka sha suka kama gudawa, ɗaya har sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Daga ranar masu shaguna suka daina aikowa. Ta sayar da akuyarta ta je wajen wani mai duba, ya ce wadda suke cin tuwo a kwano ɗaya ce ta yi mata asiri. Mutum ɗaya ce ke shiga madafinta ba sallama: aminiyarta mai zobo, da katanga kawai ta raba su, wadda ta zauna da ita tun daga ranar rasuwar mijin har ta fita takaba. A gidan biki, a gaban mata, ta nuna ta da yatsa ta ce, "Na ɗauke ki 'yar uwa, ashe ke kike kashe min kasuwa don zobonki ya tafi." Aminiyar ta dube ta, ta ce, "Allah yana gani, Yaya," ta ja mayafinta ta fita. Mata suka daina sayen zobon, yara suna nuna ta a hanya. Kafin damina ta faɗi aminiyar ta tattara kayanta ta koma wajen ɗanta a wani gari.

Kunu dai bai daina tsami ba. Da abinci ya gagara a gidan, ta fitar da durom ɗin za ta sayar wa wani mai shayi. Mutumin ya murɗe famfon ya cire, ya zura tsinken tsintsiya a ciki. Wani baƙin abu mai yauƙi ya biyo tsinken, da ƙananan tsutsotsi suna motsi, da warin nan da ta sani sarai. Ya ce, "Baba, yaushe rabon a kwance wannan?" Zama ta yi a ƙasa.

Washegari ta hau mota neman gafara. Ta tarar aminiyar ta rasu, har an yi sadakar bakwai an naɗe tabarmi. Ɗan marigayiyar ya karɓi gaisuwarta a ƙofar zaure, bai ce ta shiga ba. Yaran mai kunun dangin uba suka raba, ita kuma surfe take yi a gidajen mutane har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta ƙara jiƙa aya ba.

Dalili kam akwai shi, ɗiyata, sai dai a madafinta yake zaune, ita kuma ta tafi nemansa a bayan katanga. Je ki kwance kayan aikinki ɗaya bayan ɗaya ki duba. Ruwa ba ya tsami banza.