Makin Tikitin Japan

"Sayen takardun aika kuɗin ba laifi ba ne," in ji lauyan Darlene. "Rarraba su da kika yi ne laifin."



Wata da watanni tana sayen takardun, masu zaman tsabar kuɗi, da katin bashi na wani kamfanin jirgin sama, ta zuba su a banki, ta biya katin. Kowane zagaye kamfanin jirgi ya ƙara mata maki. Na tikitin Japan take tarawa, don ta ga jikarta da ba ta taɓa ɗauka ba.

"Ƙanena ne ya ce kar in kai dala dubu goma a zubi ɗaya, kada banki ya kai rahoto ga hukuma."

"Lauya ne ƙanen naki?"

"Fenti yake yi."

"To, guje wa rahoton shi doka ta hana."

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon kamfanin jirgi ne: makinta ya isa tikiti, zuwa da dawowa.

Lauyan ya miƙo hannu. "Fasfonki, Madam. Alƙali ya ce a ajiye a kotu sai an gama shari'a."

Ta buɗe jaka ta miƙa masa. Sabo fil, ko hatimi ɗaya babu.